Wa Zai Faɗi Sunan Mai Shi?

Ƴan uwa, ku yi mini afuwa game da hotuna. Na ɗauko sun fi 40 a waya, muka gwada biyu a injin fotokopi, sai ƙashin dinozor ya fito kamar an kifar da tawada a kan takarda. Saboda haka baki kawai za ku ji.

Rigimar gida ce ta kai ni gidajen tarihi. A ɗakin kakata a Durum akwai wani takobi, kubensa na jar fata ya bushe ya tsattsage. Ana cewa kakan mijinta ne ya riƙe shi ranar Tirmini, ƙarshen watan Yuli na 1899, ranar da sojan Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga suka shiga Damagaram. Ko ya sari wani da shi, ko gudu ya yi da shi kamar yadda da yawa suka yi a gaban harsashi, wannan ya danganta da wanda ke ba da labarin da kuma ko akwai baƙo a wurin. Bara wani dillalin kayan da ya zo daga Zango ya taya shi jikka 120. Kawu yana son injin ban ruwa don garkarsa, kuma duk wanda ya taɓa ganin mutum yana jan guga tun asuba har hantsi don ya shayar da ƴan fangalan tumatir ba zai kira shi mai kwaɗayi ba. Ni kuma da ɗan bokona na miƙe na ce a'a, kayan tarihi ne, gidan tarihi za a kai shi. Kaka ta dube ni ta ce, "To maigida, in an kai shi can, wa zai faɗi sunan mai shi?" Na ce za a rubuta a takarda a liƙa kusa da shi. Ta ce, "Ka gani da idonka?"

Ban gani ba. A lokacin ban taɓa taka ƙafata cikin gidan tarihi ko ɗaya ba, ni da nake wa'azinsa. Shi ya sa da hutu ya zo na bi wani ɗan uwa Yamai, daga baya kuma na raka Kawu Kano sarin kaya na sulale na yi yini guda ina yawo.

Daga Damagaram zuwa Yamai kilomita kusan 900 ne, yini cur a cikin kar. Abin da ban lura da shi ba sai a wannan tafiya shi ne, hanyar kusan sawun Voulet da Chanoine take bi, sai dai su daga yamma suka taho. Ka wuce Tirmini. Ka wuce Maijirgi inda kaburburan mutanen biyu suke. Ka wuce Birnin Ƙonni da suka yi wa kisan gilla a 1899. Ka wuce Dogondutsi, ƙasar da Lugu take, inda Sarauniya ta tsaya musu. A kar ɗinmu ana ta kallon fim ɗin Indiya da aka juya Hausa, ba wanda ya leƙa taga. Ni ma sai da na ga allon sunan gari nake tunawa.

Mutanen Yamai "Muze" suke ce masa. Yana kusa da gadar Kennedy, an buɗe shi a 1959, shekara guda kafin ƴancin kai. Wani Bature mai suna Pablo Toucet ne ya fara shugabantarsa, Boubou Hama ne ya tsaya masa, kuma sunan Boubou Hama ɗin wurin yake ɗauke da shi yanzu. Bari in fara da yabo, don ya cancanta, kuma ba yabon share fage ba ne. Na zaci zan tarar da wani dogon gini shiru kamar asibiti, mai gadi yana harararka in ka yi tari. Sai na tarar da fili makeke, itatuwa, ƙananan gine-gine a warwatse da zanen gini irin namu, yara suna gudu, mata da goyo, ƴan ƙauye irina sun tsaya gaban dorina baki buɗe. Waɗanda suka tsara wurin sun san cewa a ƙasar da yawancin mutane ba su shiga lakkwal ba, in ka ce a zo a karanta takarda a jikin gilashi ba mai zuwa. Sai suka sa zaki da kura da dorina a ciki. Yaro ya zo don zaki, hanya ta biyo da shi ta gaban bukkar Fulani da tantin Buzaye da rumbu, ya leƙa. Na ji ƴan boko suna raina wannan, wai an haɗa tarihi da gidan dabbobi. Ni ban raina ba. Na ga wata tsohuwa ta ja jikarta ta nuna mata wani kayan aiki tana cewa uwarta da irinsa take aiki, kuma na tabbata dorina ce ta kawo su. (Na daɗe gaban kejin kura. Tana ta kai da komo, kai a ƙasa. Na tuna da Kuran Daga na yi dariya ni kaɗai, daga baya dariyar ta tsaya mini a wuya.)

Inda raina ya fara ɓaci shi ne ɗakin tufafi. An jera mutum-mutumi, kowane da kayan ƙabilarsa: ga Bahaushe, ga Bazabarme, ga Buzu, ga Bafulatani, ga Babarbare, ga Tubu. Kayan suna da kyau ƙwarai, wani aikin allurar sai ka rantse ba hannu ya yi shi ba. Amma tsarin ne matsalar. Tsarin ya fito ne daga ilimin ƙabilu na zamanin Nasara, daga cibiyar IFAN wadda gidan ya tsiro a jikinta, ilimin da yake son kowa ya shiga akwatinsa ya zauna. To mu mutanen Damagaram wane akwati za mu shiga? Gidan sarautarmu asalinsa Barebari ne, ƙarƙashin Borno ya tashi. Hausa muke yi. Kasuwancin hamada da ya azurta garin a hannun Buzaye da Larabawan Tarabulus da Ghadames yake tare da ƴan gari irin su Malam Yaro. Uwar kakata Bafulatana ce. In aka ce in tsaya bayan mutum-mutumin da ya yi kama da ni, sai an yanka ni gida uku. Kuma rigar da ke jikin gunkin, wani ne ya ɗinka ta. Yana da suna, yana da unguwa, ya yi watanni yana lalata idonsa a kanta, wataƙila ma ba a gama biyansa ba. Da ta shiga gilashi sai ta zama rigar "Hausawa", kamar dukkanmu muka taru muka ɗinka.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A cikin filin nan akwai wani gini da aka yi wa busasshen itace. Itacen Tenere ne, wanda ake cewa shi kaɗai ne a tsaye cikin kusan kilomita 400 na hamada, ayari suna gane hanya da shi. A 1973 wata babbar mota ta buge shi, aka ɗauko gawarsa aka kawo Yamai, aka kafa na ƙarfe a madadinsa. Ba na ƙin itacen, labarinsa ma yana da taɓa zuciya. Amma ku duba: itace ya samu suna nasa, da shekarar mutuwa, da labarin wanda ya kashe shi, da ɗaki nasa shi kaɗai. Madinkin rigar can bai samu ko ɗaya ba. Kaka ba ta taɓa zuwa Yamai ba, amma tambayarta ta riga ni isowa.

Ɗakin dinozor kuwa, kai! Wanda ya ce bai ji komai ba gaban waɗannan ƙasusuwa ƙarya yake yi. Ga Ouranosaurus da aka tono a Gadoufaoua can cikin hamadar Agadas, ga Sarcosuchus, kadan da tsawonsa ya haura mita 9, dabbobin da suka rayu shekara wajen miliyan 110 da suka wuce, lokacin da inda rairayi yake yanzu koguna ne. Akwai kuma ɗakin uraniyom. Mai yawo zai ɗauka ɗakunan biyu ba ruwansu da juna, alhali labari ɗaya ne. Masu binciken uraniyom na hukumar nukiliyar Faransa ne suka ci karo da ƙasusuwan, sannan aka aiko Philippe Taquet daga Faris a shekarun 1960 ya tono. Wato neman abin da za a kwashe ne ya gano abin da za a nuna mana. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, an rufe ramin Cominak a 2021 bayan fiye da shekara 40 ana aiki. Mutanen ƙasarmu nawa suka tafi can ci-rani? Da ni ne mai tsara wurin, da na buɗe ƙofa tsakanin ɗakunan biyu, in ajiye hular leburan rami guda da sunansa da garinsu, in bar mai kallo ya haɗa da kansa.

Gumakan Bura ma sun tsayar da ni. An gano wurin a 1975, Boubé Gado ya tono shi a 1983, ya fito da tukwanen binne gawa da kawunan yumɓu da mahayin dokin nan da ya yi suna. Da duniya ta gan su sai ɓarayin ƙasa suka afka wa wuraren, aka yi ta kwasa ana fitarwa, har sai da aka sa kayan Bura a jerin kayan da aka gargaɗi duniya kada ta saya. Da na ji wannan sai dillalin Zango ya faɗo mini a rai. Ban ce ɓarawo ne ba, shi ma tuwo yake nema. Amma jikka 120 da ya taya, ba a Zango takobin zai kwana ba.

Wurin da na fi ƙaruwa a duk Muze babu gilashi a cikinsa. Rumfunan masu sana'a ne, maƙera azurfa da masaƙa da dukawa, suna aiki kana kallo, in ka so ka saya. Na zauna wajen wani dattijo baduku na nuna masa hoton takobinmu a waya. Ya ja hoton ya ƙara girma, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ɗana, ruwan takobin tsoho ne, amma kuben nan bai kai ni shekaru ba. Dubi zaren." Zaren leda ne. Wato wani a gidanmu ya sake wa takobin riga, ba wanda ya faɗa. Ya ƙara da cewa kada in yi mamaki in ruwan ma ba ƙirar gida ba ne, don da yawa daga ruwan takubban ƙasar nan daga Turai aka shigo da su ta hamada, maƙeranmu suka yi musu ƙota. Daga baya na karanta cewa gaskiyarsa, garin Solingen na Jamus ya daɗe yana ƙera irinsu. Ke nan mai yiwuwa kakanmu ya fuskanci Nasara da ƙarfen Nasara. A minti goma dattijon nan ya gaya mini abin da takardar jikin gilashi ba za ta iya ba, domin shi ana iya tambayarsa, kuma da Hausa ya amsa. Takardun nan da Faransanci suke magana. Kaka ko Kawu in sun je sai sun ɗauki ɗan lakkwal ya yi musu tafinta a kan kayan iyayensu.

Na leƙa sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar IRSH, wanda shi ma Boubou Hama ne ya fara tara masa littattafai. Dubban takardu ne. A nan kam akwai sunaye, don malami yakan sa sunansa da na mahaifinsa a ƙarshen abin da ya kwafa. Lokaci bai bar ni na daɗe ba.

Kano dabam ce. Gidan Makama yana daf da gidan sarki, kuma ginin kansa shi ne babban abin kallo. Ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wai a nan ya zauna yana Makama kafin ya hau. Da Ingila ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sai Turawa suka yi amfani da shi. Ka shiga daga zafin titi da ƙarar babura sai sanyin ƙasa ya rufe ka, ka ɗaga kai ka ga azara da bakan gizo. Na tsaya ina tunanin gidajen Birni na Damagaram da muke bari suna zubewa kowace damina muna maye su da bulo da kwano, sannan mu kwana a waje don zafi. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, akwai kayan yaƙi, akwai hotunan zamanin Turawa. Kuma a nan ba a rasa suna ba. Kano tana da jerin sarakunanta tun daga Bagauda, kowa da zamaninsa. Sai dai sunan na masu rawani ne. Wanda ya kwaɓa ƙasar ganuwa, wanda ya ɗauko tubali a ka, yana nan inda madinkin Yamai yake.

Daga nan na tafi Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Gida ne mai kyau, ginin ƙasa, magina Kanawa suka yi shi. Sunan wanda ya kwana a ciki ne ya tsira.

Wani abu ya same ni a Kano da bai same ni a Yamai ba. Ina gaban kayan yaƙi sai na tuna cewa a zamanin Sarki Alu, wanda ya yi mulki daga 1894 zuwa 1903, Kuran Daga namu ya yi ta kai wa ƙasar Kano hari. Jarumin da muke yi wa kirari a gida, a ƙauyukan arewacin Kano shi ne wanda ake jin ya taso a kwashe yara a gudu. Wani saurayi da muka yi hira ya tambaye ni daga ina, na ce Damagaram, ya yi dariya ya ce, "Ashe ku ne." Wasa yake yi, na sani. Amma sai na ga takobin ɗakin Kaka da wani ido. Wa ya ce ranar Tirmini kaɗai aka zare shi?

Wannan ya kawo ni ga abin da na so in ɓoye, ƴan ƙungiya suka ce in ban sa shi ba kada in kawo rubutun. A gidanmu ba takobi kaɗai ne tsohon ƙarfe ba. Akwai mari. Yana can ƙasan tsohon rumbu, ya yi tsatsa, yara ba su san mene ne ba. Takobi ake fitowa da shi in an yi baƙo. Marin kuwa ba a maganarsa, har ban san ko kakanninmu ne suka sa wa wani ko su aka sa wa ba, kuma na lura manya sun fi son kada a sani. To Damagaram ɗin da muke alfahari da ita, ta Tanimun wanda ya ja ganuwa ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, da me aka gina ta? Da haraji, da fatauci, da bayi. James Richardson, Baturen Ingila da ya sauka Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake fita harin kama mutane ana kawo su kasuwa. André Salifou, wanda jami'armu take ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin masarautar a littafinsa na 1971 bai kauce wa wannan ba. Kuma ba tsohon zance ba ne da ya mutu. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa hukunci a kan bauta, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta yanke wa Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati. Mu je fadar sarki a Birni mu yi hoto da dogarai, mu ɗaga kai mu kalli barikin da Nasara suka sa wa sunan Cazemajou, wanda aka kashe a nan a watan Mayu na 1898, yanzu kuma aka mai da shi sunan Tanimun. Canza suna a jikin bango abu ne mai sauƙi. Na zargi gidajen tarihi da nuna rawani su bar mari, sai na dawo na tarar gidanmu ma haka yake yi, ba tare da darakta ko kasafin kuɗi ba.

Saboda haka in ana zancen dawo da kayanmu daga Turai, ina goyon baya, amma da tambaya a bakina. Rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ya ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, kusan 70,000 a Quai Branly kaɗai. A 2021 an mayar wa Benin guda 26. Lissafin ya isa ya sa mutum fushi. Amma in namu suka dawo gobe, muka sa su a gilashi muka rubuta "takobi, Hausa, ƙarni na 19" da Faransanci, an dai rage wa mai kallo kuɗin jirgi. Tun 2006 tsohon garin Zinder yake jerin jira na UNESCO, Agadas ta shiga a 2013, mu muna jira. Ba na jin takardar UNESCO ce za ta sa wani ya zauna gaban tsohuwa da alƙalami kafin ta mutu.

Da na dawo Durum Kaka ba ta tambaye ni dorina ko dinozor ba. Ta ce, "To maigida, ka ga sunan?" Na ce na ga na itace. Ta yi dariya har da tari. Kawu ya ce shi dai bai ga abin da yawona ya ƙara wa tumatir ba, kuma dillali ya ce zai dawo bayan girbi. Ban da amsar da zan ba shi, don ba ni da jikka 120. Abin da na roƙa kawai a ba ni zuwa lokacin. Na sayi kaye, kullum bayan isha ina zuwa ɗakinta. Mun cika shafi 14 a kan takobi: sunan mai shi, sunan dokinsa, da wanda ya sake kuben, ashe mijinta ne, shekarar da za a aurar da babbar ƴarsu. Shekaranjiya na ce, "Kaka, marin fa?" Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce in tashi in duba ko Kawu yana tsakar gida, in yana nan mu bari sai gobe. Yana nan, yana gyaran igiyar guga.